Minti Uku Zuwa Ingila

"Ranar Lahadi da yamma zan mayar musu da kayansu, Bernice. Na gama magana."

Baba ya faɗi haka yana goge agogon aljihunsa da gefen riga, ko kallona bai yi ba.

"Baba, wata huɗu ne fa kawai..."

"Wata huɗu babu wasiƙa, shekara huɗu babu mutum. Ga hoto yana yawo a gari hannu zuwa hannu. So kike sai an sa ki cikin waƙa a kasuwa?"

"Rufus ba zai yi mini haka ba."

"Ya gaya miki?"

Nan ne ciwon yake. Bai gaya mini komai ba.

Rufus saurayina ne tun muna kwalejin horon malamai. Kafin ya tafi Manchester karatun injiniya, mutanensa suka taso daga Madakiya da kayan tambayar aurena: kuɗi a ƙulle cikin hankici, buhun gishiri, turmin atamfa biyu da akuya. Akuyar nan ta haihu sau uku a bayan gidanmu, ni kuwa ina nan jiya i yau. Ban damu ba, don duk wata wasiƙarsa na zuwa, shuɗiya, cike da "abar ƙaunata" tun daga sama har ƙasa. A daminar 1976 ne wasiƙun suka ɗauke ɗif. Sai ga wani ɗan garinmu, Silvanus, ya dawo daga Ingila da hoto: Rufus cikin ƙatuwar kwat, wata Baturiya ta riƙe masa hannu tana dariya. Kafin mako ya zagayo, babu mace a ƙungiyar zumuntar matan majami'armu da ba ta ga hoton nan ba.

"Ba ni minti uku, Baba," na ce.

Sai a lokacin ya ɗago.

"Minti uku na me?"

Na nuna tarhon da ke kan teburin falo. Aikin Baba ne ya kawo mana shi, don shi ne babba a tashar jirgin ƙasa. Baƙi ne mai nauyi, an lulluɓe shi da farin saƙi, kuma mun fi share masa ƙura a kan ɗaukarsa.

"Ingila za ki kira? Kin san kuɗinsa?"

"Na sani. Daga albashina zan biya. In na ji daga bakinsa cewa ya yi aure, ni da kaina zan ja akuyar zuwa Madakiya."

Duk Kafanchan an san Baba, Malam Obadiah, da kiyaye lokaci. Ya taɓa tayar da jirgi ya bar surukin ƙaninsa a tasha riƙe da akwati, saboda mutumin ya tsaya sayen rake. Kullum maganarsa ɗaya ce: jirgi ba ya jiran kowa.

"Minti uku," ya ce, ya rufe murfin agogon. "Yana cika zan sa yatsa in kashe. Ko kina tsakiyar kalma."

"Na yarda."

Ni malamar lissafi ce, kuma ban taɓa shakkar kaina a kan ƙidaya ba. Washegari ana tashi daga makaranta na wuce gidan waya wurin ƙawata Hellen, wadda ke haɗa layi.

"Ki kira ran Lahadi, ya fi sauƙi," ta ce, tana cusa wata igiya a rami tana zare wata. "Kuma kar ki ce a nemo miki wane, wannan kuɗinsa daban ne. Lambar gidan kawai za ki ba ni."

"In ba ya kusa fa?"

"Shi ne wautar da mutane ke yi. Ana hawa bene kiransa, kuɗinki yana tafiya. Buga masa telgiram yau, ya tsaya a gaban tarho kamar soja."

"Sai me kuma?"

Ta juyo ta dube ni sosai.

"Gaisuwa, Bernice. Ina zaune a nan ina jin mutanenmu suna ƙona kuɗinsu. Ina wuni, ina gajiya, yaya ruwa, yaya yara, yaya kaji... Kafin a zo kan magana na ce lokaci ya cika, sai a hau zagina. Kar ki gaishe shi. Ki shiga magana kai tsaye."

Na buga telgiram ɗin a take. Kowace kalma da kuɗinta, don haka na soke "don Allah", na soke "masoyina". Abin da ya rage shi ne ya tsaya gaban tarho ranar Lahadi ƙarfe huɗu, sai sunana. Da na karanta shi sai na ji kamar sammaci daga kotu, amma na ce ya ji a jikinsa, ai shi ya jawo.

A gida na ɗauko takarda na tsara tambayoyi uku. Me ya hana ka rubutu? Wace ce a hoton? Kana nan a kan alkawarinmu ko a'a? Kowace na ba ta sakan hamsin, tambaya da amsa. Sakan talatin da suka rage na ware su don kuka, ko da hali. Na gwada a gaban madubi da agogon bango har sau tara, kuma ko sau ɗaya ban wuce ba. Na tabbata babu wanda ya taɓa shirya wa tarho irin shirin da na yi.

Abu ɗaya ne ban sa a lissafi ba.

Ranar Lahadi mun dawo daga sujada, ana yayyafi, sai na hango mace zaune a dokin ƙofarmu. Takalmanta na kan kanta tare da ƙullin ɗanyar masara, ƙafafunta duk jan laka. Mama Afiniki ce, mahaifiyar Rufus. Tun daga Madakiya ta tako.

"Matana!" ta ce, ta miƙe tana buɗe hannuwa. Haka take kirana tun ranar da aka kawo kaya. "An ce yau za ki yi magana da Rufus a cikin waya."

Bakin Hellen ba ya riƙe ruwa, na san daga can labarin ya fita.

"E, Mama... amma gajeriyar magana ce."

"Ko tari ya yi, in ji. Shekara huɗu ana karanta mini takarda. Takarda ba shi da murya, matana."

Ina son matar nan, Allah ya sani. Mijinta ya rasu Rufus yana aji uku, da kuɗin citta ta yi masa makaranta, ita ta noma, ita ta ɓare, ita ta shanya. Da uwata ta rasu, ita ce ta kwana bakwai a gidanmu tana dafa wa baƙi abinci. Amma a ranar nan, ina zuba mata ruwan wanke ƙafa, haushinta nake ji har wuya. Minti ukun nan nawa ne. Aurena ne a ciki.

Na kalli Baba ko zai cece ni. Ya ɗaga kafaɗa.

"Babba ne ke fara magana," ya ce. "Lokaci kuma bai ƙaru ba."

To, na soke kukan. Na ba Mama sakan talatin ɗin.

Na zaunar da ita a kicin, na miƙa mata masara guda a matsayin kan tarho.

"Mama, ga abin da za ki ce. Rufus, ni ce Mama, ina lafiya, ga Bernice. Shi ke nan, sai ki miƙo mini."

"Ba gaisuwa?"

"Babu, Mama. Gaisuwa kuɗi ce."

"Ɗan mutum ne fa, ba akuya ba."

"Mama, don Allah. Gwada mu gani."

Ta kafa masarar a kunne, ta gyara murya.

"Rufus, ni ne Mama. Ina wuni..."

"Mama!"

"To, to. Ni ne Mama, ina lafiya, ga Malama mai agogo."

Ta fashe da dariya, ni ban yi ba. Sai da muka yi sau biyar ta faɗa daidai. Tana ajiye masarar ta kalli takardar da ke hannuna. Ba ta iya karatu ba, amma ta daɗe tana kallonta.

"Wannan duka za ki tambaye shi?"

"E."

"A gaban Baban ki?"

"Ba ni da wani wuri, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da masarar cikin ƙullinta.

Ƙarfe huɗu saura muka zauna a falo. Baba ya yaye farin saƙin, ya buɗe agogonsa ya ajiye a gwiwa. Huɗu ta yi, shiru. Huɗu da kwata, shiru, sai ruwa da ya ƙaru a kan kwano. Na fara tunanin ko iska ta kayar da turken waya a hanyar Kaduna. Na duba takardata har ta yi laushi da gumin hannuna.

Huɗu da minti ashirin da biyar tarhon ya ɗauki ƙara. Mama ta zabura har ɗankwalinta ya zame.

Na ɗauka. Muryar Hellen ce, irin ta aiki, kamar ba ta san ni ba.

"Kafanchan, riƙe layi. Kaduna ta ba ni Legas... Legas na neman London..." Sai ƙara kamar ana soya ƙosai, sai muryoyin Turawa can nesa. "An haɗa. Ku yi magana."

Baba ya sa ido a kan agogo. Na miƙa wa Mama da hannu biyu.

Ba ta manna shi a kunne ba. Ta riƙe shi nesa da fuskarta kamar zai cije ta, don haka duk falon muka ji muryar da ta fito, siririya amma tasa ce.

"Halo? Bernice? Bernice, ke ce?"

Shekara huɗu, kuma sunana ne farkon abin da ya faɗa.

Mama ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Sakan biyar, sakan takwas. Ina ƙirgawa a zuci kamar ana zare mini jini.

"Rufus," ta ce a ƙarshe, da ƙarfi, don a ganinta Ingila da nisa. "Ni ne Mama. Ina wuni?"

Na rufe ido.

"Mama? Mama! Lafiya lau, Mama..." Muryarsa ta karye.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya sanyi? Kana sa rigan da na aika?"

"Ina sawa, Mama."

Da Hausa take yi, ba da yarensu ba, alhali ban taɓa jin ta yi wa ɗanta Hausa ba. Ban tsaya tunanin dalili ba, hankalina na kan agogo. Na miƙa hannu ina raɗa, "Mama, lokaci..." Sai ta juya mini baya.

"Yaya karatu?"

Shiru. Na ɗauka layin ya yanke.

"Rufus, na ce yaya karatu?"

"Mama... karatu ya kayar da ni. Na faɗi jarrabawar ƙarshe. Na ɗauki biro ya fi sau ashirin, na rasa yadda zan rubuta. Bayan duk wahalar da kika sha, bayan duk jiran da Bernice ta yi... Kunya ce ta hana ni."

"Ka faɗi. Ka mutu?"

"A'a, Mama."

"To. Citta na ya ruɓe a ƙasa shekara biyu a jere, ka ga na jefar da fartanya? Kana cin abinci?"

"Minti ɗaya da rabi," in ji Baba.

Na matsa kusa. Hannuna na dab da kan tarhon, kuma na fi ta ƙarfi, fizga ɗaya ya isa. Sai idona ya sauka a kan hannunta. Yatsun duk sun tsattsage da ɓarar citta, ta ƙanƙame abin nan kamar wuyan ɗanta ta riƙe. Hawaye na bin kumatunta tana murmushi.

Na san abin da zan rasa. In lokaci ya cika ban tambaya ba, Baba zai kashe, da yamma kaya su koma Madakiya, ba kuma zan sake samun kuɗin wani kiran ba sai ƙarshen wata. Duk na sani. Amma na kasa raba uwa da muryar ɗanta. Na janye hannuna, na ninke takardar gida huɗu, na koma jikin bango ina kuka marar sauti, kukan da na riga na soke daga lissafi.

"Minti biyu."

Mama kuwa ko a jikinta.

"Yaya mutanen gidan da kake zama?"

"Suna lafiya."

"Yaya maƙwabta?"

"Lafiya, Mama."

"Yaya iyali?"

"Wane iyali?"

"Matan ka mana. Baturiya na cikin hoto. An ce ka yi aure, ni ba a gaya mini ba. Ka ce uwar miji yana gaishe shi."

Baba ya ɗago kai daga agogo.

"Wane hoto? Wanda na ba Silvanus? Mama, 'yar mai gidan da nake haya ce! Ranar da aka yi wa ɗanta baftisma aka ɗauka, mijinta ne ma ya riƙe kyamarar. Wa ya ce na yi aure?"

"Duk gari."

"Bernice ta ji wannan maganar?"

"Ya ji. Baban shi ma ya ji. Yau za a mayar mana da akuya."

"A'a! Mama, a'a. Matata ɗaya ce a duniya, tana Kafanchan. Zan sake jarrabawar a Nuwamba, in ci ko in faɗi, Kirsimeti a gida zan yi. Ki je ki durƙusa wa Baba Obadiah, ki roƙe shi ya ƙara mini haƙuri..."

"Roƙe shi da bakin ka," in ji Mama. "Yana jin ka tun ɗazu."

A nan ne na gane. Na gane abin da ya sa ta yi Hausa, da abin da ya sa ta riƙe tarhon nesa da kunne. Ba tsoronsa take ji ba. Ta san in ni na yi tambayoyin nan a gaban Baba, da zafi za su fito, shi kuma Rufus kunya ta ƙara rufe masa baki. Sai ta bi da su ta hanyar da kowa ke bi, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai inda nake son zuwa. Tambayoyina uku, babu wadda ta bari.

Ta juyo ta miƙo mini kan tarhon tana share ido da gefen zane.

"Ga Malama."

Ban kai shi kunne ba muryar Hellen ta shigo.

"Kafanchan, minti uku ya cika. In yanke?"

Yatsan Baba ya riga ya tashi, yana saman maƙatar tarhon. Ban roƙe shi ba. Alkawari na yi, kuma na san mutumin da na yi da shi. Na ji abin da nake son ji, ko da ban ce uffan ba.

Baba ya kalli agogon. Ya kalli Mama Afiniki da lakar da ta bushe a gefen zanenta. Ya kalle ni. Sai ya rufe murfin agogon, ƙyas, ya jefa shi aljihu, ya karɓi tarhon daga hannuna.

"Hellen, bar layin. Minti ɗaya, ni zan biya." Ya gyara murya. "Rufus."

"Ranka ya daɗe, Baba..."

"Kirsimeti ka ce. Ni zan tsaya a tasha da kaina. In jirgi ya tsaya ban gan ka ba, kar ka ƙara rubuto wasiƙa gidan nan."

"Za ka gan ni, Baba."

Baba ya miƙo mini, fuskarsa a ɗaure kamar kullum, amma idonsa ya yi ja.

"Karɓi. Wannan jirgin zai jira ki."

Na manna shi a kunne. Ina jin numfashinsa daga can ƙarshen duniya. Takardata na dunƙule a hannu, babu sauran abin tambaya a cikinta. Na lalubi kalma mai nauyi, wadda ta dace da shekara huɗu, wadda ta dace da kuɗin Baba. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ina wuni, Rufus?"

Ya yi dariya mai haɗe da kuka.

"Lafiya lau, abar ƙaunata. Ina gajiya?"

"Ba gajiya... Yaya sanyi?"

"Da sauƙi yanzu. Yaya ruwa a gida?"

"Ruwa ya yi gyara."

Ta bayana na ji Mama Afiniki tana taɓa Baba da gwiwar hannu.

"Ka ji Malama," ta ce. "Shi ne ya ce gaisuwa kuɗi ne."

Kaf minti ɗayan nan a gaisuwa muka ƙarar da shi, har Hellen ta yanke ban gama tambayarsa maƙwabta ba.

Ana saura kwana uku Kirsimeti Rufus ya sauka a jirgin rana, ya rame, da takardar cin jarrabawa a aljihun ƙatuwar kwat ɗin nan. Jirgin ya makara da minti arba'in, kuma ranar ce kaɗai na ga Baba bai ciro agogo ba. Asabar ta biyu a cikin sabuwar shekara aka ɗaura mana aure. 'Ya'yan akuyar ne suka ciyar da baƙi, ita uwar Mama ta hana a taɓa ta, ta ce wadda ta yi jiran shekara huɗu tare da matar ɗanta ba ta cancanci wuƙa ba.